Takunkumin Da Ido Ba Ya Gani

Duk manomin da ya taɓa shigar da shanun huɗa gonar da dawa ta riga ta kai gwiwa ya san amfanin takunkumi. Bijimin nan abokin aiki ne, ba a raba shi da gona, amma idan aka sakar masa baki sai ya cinye abin da aka kawo shi ya gyara. Saboda haka sai a saƙa 'yar raga ta igiya a ɗaura masa, ya yi ta jan garma yana kallon ganye yana haɗiyar miyau har a tashi. Gardawa ma haka suke yi wa kura kafin su shigo da ita kasuwa. To, akwai wani irin takunkumi da masana kimiyya suka ƙirƙiro domin wani mai baki wanda ido ba ya ganinsa, kuma a kansa muke so mu ɗan tattauna da 'yan'uwa marubuta a wannan fitowa. Dalili kuwa, abin ya shafi rayuwarmu ta nan yankin Kura da Bunkure fiye da yadda ake zato, alhali ko suna ba mu raɗa masa ba a harshenmu.

Mu da muke koyar da ilmin halittu a makarantun sakandare, manhaja ta ware mana darasi ɗaya ne ko biyu a kan abin da Turawa suke kira enzayim. Wasu 'yan ƙananan ma'aikata ne da jikin kowane mai rai yake ƙerawa, mutum ne ko dabba ko tsiro, kowannensu da sana'arsa guda ɗaya tak, wani yanka ya iya, wani ɗinki, kuma sukan gama cikin ƙiftawar ido aikin da in babu su sai a shekara ba a gama ba. Idan muna so mu nuna wa yara, sai mu dama sitaci mu ɗiga masa aidin, nan take ya rine kamar an tsoma shi a marina. Sa'an nan mu sa wani yaro ya tofa miyau a wani kason, a jira kaɗan, a ɗiga aidin, sai a ga babu rini, domin ma'aikacin da ke cikin miyau ya riga ya daddatse sitacin ya mai da shi sukari. Yara kan yi ta mamaki, amma iyayensu mata sun riga mu sanin wannan. Kowace mai goyo ta san cewa idan cokalin da ya shiga bakin yaro ya yi ta komawa cikin kwanon koko, kokon zai tsinke. Mai kunun zaƙi da take zuba garin dankali ko tsiron hatsi a kunu mai kauri, ta rufe ya kwana, da safe ta tarar ya saki ya yi zaƙi, enzayim ta sa aiki. Haka mai naɗe nama da ganyen gwanda don ya yi laushi, haka kuma baƙin da yalo yake yi in an yanka shi an ajiye.

Ƙarshen darasin kullum ɗaya ne, wato zafi yana kashe enzayim. A tafasa miyau, sitaci ya zauna lafiya. Matan Kura masu turara shinkafa suna cin moriyar wannan doka kowace rana, domin turarin yana kashe ma'aikacin da ke cikin dusa, mai lalata man da ke jikin ƙwayar har ƙamshinta ya juya. Da haka muke rufe littafi, yara su rubuta a jarrabawa su ci makinsu. Sai dai akwai wani enzayim ɗin da wannan doka ba ta cika kama shi ba, shi ne kuwa ya hana masu ɗakunan bincike na duniya sakat shekara da shekaru.

Kafin mu gabatar da shi, ya kamata mai karatu ya san abincinsa. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai wani kundi da ake kira DNA, wanda ke ɗauke da dukkan umarnin yadda za a gina jiki a kuma tafiyar da shi. Kundin nan ba ya barin ma'ajiyarsa, kamar dai littafin malam da ke cikin gafaka. In ana bukatar wani sashe nasa, sai a kwafo shi a kan wani abu mai kama da shi amma marar ƙarko, wanda ake kira RNA. Wanda ya yi makarantar allo zai gane nan da nan: RNA rubutun allo ne. A rubuta, a biya, a wanke, a rubuta na gaba. A 1961 ne Sydney Brenner da François Jacob da Matthew Meselson suka tabbatar da samuwar wannan ɗan aike mai gajeren kwana. Wankewar kuma hikima ce, don in da umarnin jiya zai dawwama a kan allo, da ƙwayar ta yi ta aikin jiya ba ta san gari ya waye ba. Mai wanke allon shi ne enzayim ɗin da ake kira RNase.

Matsalar ita ce mai bincike yana so ya karanta allon kafin a wanke. Bugu da ƙari, akwai ƙwayoyin bairas masu yawa da ba su da kundin DNA sam, duk dukiyarsu RNA ce. Cikinsu akwai na shan inna, da ƙyanda, da zazzaɓin Lassa, da murar tsuntsaye, da korona. Wanda yake so ya tabbatar ko suna jikin majiyyaci, mafi ingancin hanya ita ce ya kamo RNA ɗinsu ya karanta. Shi kuwa mai wanke allo babu inda ba ya nan. Yana kan fatar hannu, yana cikin gumi da miyau da hawaye, yana cikin ƙurar da iska take ɗauke da ita. A kan fatarmu ma ɗaya ne daga cikin masu gadin da Allah Ya ajiye mana don tare baƙin ƙwayoyin cuta. Ashe ke nan hannun mai binciken shi ne babban abokin gabar abin da yake nema. Taɓawa ɗaya da ɗan yatsa a bakin kwalba ta isa ta ɓata aikin mako guda.

Wanda aka fi sani a danginsa daga jikin saniya aka samo shi, daga wata tsoka mai kama da kitse da ke maƙale kusa da farkon hanji, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Shanu suna da shi da yawa domin tumbinsu cike yake da ƙananan halittu masu narkar musu da ciyawa, daga bisani kuma su ma a narkar da su a ci moriyar RNA ɗinsu. A 1940 Moses Kunitz na Cibiyar Rockefeller a Amurka ya tace shi har ya fito ƙwara-ƙwara kamar gishiri. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma wani kamfanin mahauta na birnin Shikago mai suna Armour ya tace kilo 1 cur, ya riƙa rarraba wa masana kyauta. Shi ya sa babu enzayim ɗin da aka yi wa filla-filla kamarsa. An gano cewa zare ne mai ƙwaya 124 a jere kamar carbi, wanda ya nannaɗe kansa, aka kuma ɗaure naɗin da ƙulli 4 na farar wuta. Waɗannan ƙulle-ƙulle su ne sirrin taurin kansa. A tafasa shi, ya ɗan saki jiki, da ya huce sai ƙullin su ja shi ya koma yadda yake ya ci gaba da yanka. Ko tukunyar turara kayan asibiti mai kai zafin digiri 121 ba ta gamawa da shi kakaf. Christian Anfinsen ya warware shi tsaf ta hanyar kwance ƙullin da wani sinadari, ya kuma jiƙa shi a ruwan yuriya mai kauri, i, yuriya dai wannan da muke watsa wa masara da shinkafa. Da ya janye su, sai zaren ya sake naɗe kansa da kansa ya koma bakin aiki. Wannan bincike ya jawo masa kyautar Nobel a 1972, tare da Stanford Moore da William Stein waɗanda suka yi aiki a kan jerin ƙwayoyin carbin da wurin da yake yanka da shi.

Tun da wuta ta kasa, sai aka koma ga dabara. Mafi shahara cikin takunkuman shi ne wani ruwa mai ɗan ƙamshin 'ya'yan itace da ake taƙaita sunansa da DEPC. A bakin RNase akwai wasu ƙwayoyi biyu masu suna histidin, ta 12 da ta 119 a jerin carbin, waɗanda su ne haƙoransa, ɗaya ta fizga ɗaya ta tura har zaren RNA ya tsinke. DEPC yana zuwa ya liƙe a jikin histidin ya toshe ta, shi ke nan baki ya mutu. A 1968 wasu masana na ƙasashen Hangari da Suwidin suka nuna cewa da shi ana iya ciro RNA lafiyayye daga ganyen tsirrai. Har yau a ɗakunan bincike akan zuba mililita 1 a cikin lita 1 ta ruwa, a girgiza, a bari ya kwana, sa'an nan a turara ruwan a tukunyar nan mai zafi. Turarawar wajibi ce, don kuwa shi mai gadin in an bar shi da sauran ƙarfinsa zai juya ya illata RNA ɗin da aka kawo shi ya tsare. Zafi yana farfasa shi ya koma iskar da muke fitarwa in mun numfasa da ɗan burbushin barasa mai bin iska. Abin mamaki, da can cikin lemon kwalba da giyar inabi ake zuba shi don kada su lalace, har zuwa 1972 da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana, bayan an gano yana iya haifar da wani sinadari mai jawo ciwon daji. Ba a buɗe kwalbarsa sai a ƙarƙashin na'ura mai zuƙe iska.

Na biyu shi ne wanda, a ganinmu, duniya ta fi cin bashinsa. Gishiri ne da ake kira guwanidin tayosayanet. Sunan ya samo asali daga kalmar guwano, wato kashin tsuntsayen teku na ƙasar Peru da ake saye don taki, domin daga sinadarin da ke cikinsa Adolph Strecker ya fara samar da guwanidin a 1861. Shi wannan ba ruwansa da neman baki. Da ya haɗu da enzayim sai ya warware naɗinsa gaba ɗaya, kamar a fizge wa mutum rawani a tsakiyar taro, kuma yana yin haka da saurin da mai wanke allo ba ya samun zarafin ɗaga hannu. A 1979 John Chirgwin da abokan aikinsa a ɗakin binciken William Rutter da ke San Faransisko suka ciro RNA mai rai da shi daga fankiriyas, wato daga cikin gidan abokin gabar kansa. A 1987 Piotr Chomczynski da Nicoletta Sacchi suka taƙaita aikin kwanaki ya koma na 'yan sa'o'i, hanyar da daga baya aka riƙa sayarwa a kwalba da sunan TRIzol. A 1990 kuma wasu masana a Amsterdam suka haɗa gishirin da garin yashi mai laushi wanda RNA ke manne masa, a wanke datti a bar shi. Da yawa daga cikin akwatunan gwajin da ake shigo da su ƙasar nan a kan wannan dabara aka gina su. Yana da wata fa'ida ta biyu, wato yana karya lagon ƙwayoyin bairas da yawa, don haka ma'aikaci yakan ɗan samu kwanciyar hankali bayan ya zuba shi. Amma shi ma da nasa halin. In ya gamu da ruwan bilic na wanke ƙasa, sai su fitar da iska mai guba.

Akwai wasu ƙanana. Tun 1961 Heinz Fraenkel-Conrat ya yi amfani da wani yumɓu mai suna bentonayit wajen kare RNA na bairas ɗin da ke kama ganyen taba, wanda ɗan'uwansa yake kama tumatir. Yumɓun yana jawo RNase ya manne masa kamar tsuntsu a kan danƙo, a tace a zubar da su tare. Akwai kuma wanda jikin ɗan Adam yake ƙerawa da kansa, wanda aka tace daga mabiyiya a 1977. Siffarsa kamar munduwa take, yana rungume RNase ɗaya ya riƙe shi da wani irin riƙo da kaɗan ne suka kai shi tsanani a duk abin da aka auna a jikin mai rai. Yanzu ƙwayoyin bakteriya ake sa wa su ƙera shi a masana'anta. Sai dai ɗan gata ne, ba ya zama sai a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, in kuwa ya sha zafi sai ya saki fursunansa. Mai karatu da ya san halin wutar lantarkinmu zai iya ƙiyasta abin da wannan yake nufi a watan Afrilu.

Wata tsohuwar ɗalibarmu, 'yar wani manomin albasa, wadda yanzu take aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a birni, ta kawo mana ziyara ta ba mu labarin yininta. Ta ce kafin ta taɓa komai sai ta goge teburi, ta sa safar hannu, in ta kuskura ta taɓa gefen mayafinta ko murfin firiji sai ta cire ta sa wata. Kwalaben gilashi sai an gasa su a digiri 180 na sa'o'i. Ba ta magana a kan buɗaɗɗiyar kwalba, ko amsa sallama sai ta rufe. Muka ce, “Ashe kina tsoron ciwon ƙwarai.” Ta yi murmushi ta ce, “Malam, da tsoron ciwo, amma rabin safar nan abin da ke cikin kwalbar nake karewa daga hannuna.”

Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan mai noman rani da duk wannan. Shekarar 2020 ta amsa masa. Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano. Kafin wata ya ƙare masu haƙa kabari sun fara kokawa kan yawan gawawwaki, a daidai lokacin kuma cibiyar gwaji ɗaya tilo da jihar take da ita ta dakatar da aiki na wasu kwanaki, inda rahotanni suka ambaci ƙarancin kayan aiki da kamuwar wasu ma'aikata. Ƙarancin nan duk duniya ne, kuma cikin abubuwan da ƙasashe suke wawaso a kansu har da ruwan guwanidin ɗin nan. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mace-mace 979 a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa suna da alaƙa da cutar. Ta yaya aka sani? Ta hanyar bin gida-gida ana tambayar iyalan mamata yadda ciwon ya kasance, domin akasarinsu an binne su ba a karanta allonsu ba. Har gobe in zancen ya tashi a majalisa, wani ya ce zafi ne da azumi, wani ya ce korona ce, babu mai iya rufe bakin wani. Akwai kuma abin da ya fi rashin gwaji haɗari. Idan aka ɗauki majina a ƙauye, ta yi yini a cikin mota cikin zafin digiri 40 babu sanyi babu takunkumi, RNA na iya narkewa a hanya, na'ura ta duba ta ce babu komai, mai ciwo ya koma cikin iyalinsa da takardar shaidar lafiya a aljihu.

Ba korona ce farau ba. A farkon 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gonar kaji da ke Jaji ta Jihar Kaduna, ta kuma taɓa gonakin Kano, sai da aka kai samfuri birnin Padoba na Italiya aka tabbatar. Tun 2011 kuma ake ɗibar ruwan kwatamin birnin Kano a kai Ibadan cikin ƙanƙara, a raya ƙwayar shan inna in akwai, a karanta RNA ɗinta don a san irinta. Irin wannan aiki na ɓoye yana cikin abin da ya sa aka iya shelanta ranar 25 ga Agusta 2020 cewa Afirka ta rabu da shan inna na daji.

Mu dawo gona. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, aka tsara wa kashin farko na shirin noman rani na Kogin Kano wajen hekta 22,000 a Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙasarmu ba ta ƙara hutawa ba. Shinkafa ta tashi alkama ta shiga, alkama ta tashi tumatir ya shiga. Alheri ne babba, wanda ya ga kasuwar Kwanar Gafan a lokacin kakar tumatir ba ya musu. Amma inda kore ba ya yankewa, cutar tsiro ma ba ta yin rani. Tsutsar nan ta sharon da ta cinye tumatir a 2016, har masana'antar Dangote da aka buɗe a Kadawa a shekarar ta rasa abin niƙawa, ita dai ana ganinta da ido. Bairas ba a ganinsa. Akwai wani mai kama shinkafa, mai sa ganye ya yi rawaya, tsiro ya tsumbure, zangarniya ta ƙi cika. A ƙasar Kenya aka fara lura da shi a 1966, an kuma san shi a Nijeriya da fadamun Nijar. Na RNA ne. Alamunsa sun yi kama da na yunwar taki, saboda haka manomi na iya ƙara buhun yuriya a kan ciwon da taki ba ya magani. Wanda zai tantance irin ƙwayar sai ya karanta RNA ɗinta, ga shi kuwa da an tsinki ganye an murje shi, mai wanke allon da ke tsare a wani ɗaki na cikin ƙwayar ganyen ya samu ƙofa ya fito. Shi ya sa ake niƙa ganyen a cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ko a danna shi tun a gona a kan wata takarda mai suna FTA wadda aka riga aka jiƙa da sinadarai masu karya enzayim, a busar a saka a ambulan. Muna da tashar binciken noman rani a Kadawa, ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a tsakiyar gonakinmu. Burinmu shi ne wata rana malamin gona ya riƙa yawo da irin wannan takarda a jakarsa kamar yadda yake yawo da biro.

Ita ma yuriyar tana da nata mai ci. A cikin ƙasa akwai enzayim mai suna yuriyes, wanda James Sumner ya tace a 1926, mai farfasa takin ya mai da shi iskar amoniya, in an watsa a sarari cikin rana wani kaso ya bi iska. Shi ya sa ake cewa a binne, shi ya sa kuma wasu kamfanoni suke shafa wa takin nasa takunkumin kafin su sa a buhu.

Amma takunkumin da ya fi kusa da mu yana cikin tankin feshi. Fiya-fiya da danginsa, irin su Sniper, duk masu toshe bakin enzayim ne, sai dai wanda suke toshewa ba a kwalba yake ba. Tsakanin jijiya da tsoka akwai wani ma'aikaci da ke share saƙon “motsa” da zarar an isar da shi. In an ɗaure masa baki, saƙon ya yi ta maimaituwa babu tsayawa, ƙwaro ya yi ta karkarwa har ya mutu. Irin ma'aikacin da ke jikin ƙwaro shi ne a jikinmu. Wanda ya shaƙa ko ya jiƙa fatarsa da yawa sai miyau da hawaye da gumi su ɓarke masa, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, tsoka ta riƙa rawa, numfashi ya yi nauyi. Madara ko manja da akan ɗura wa mutum ba sa kwance wannan ɗauri, ɓata lokaci ne kawai. Allurar atirofin ta asibiti ce take tare alamun, akwai kuma wata mai iya ɓamɓare gubar daga bakin enzayim in an yi hanzari, don haka a tafi da kwalbar maganin tare da majiyyacin. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda burbushin wannan sinadari, a 2019 kuma NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa. Duk da haka, a cikin ajinmu na safe ba a rasa yaro ɗaya ko biyu da rigarsa ke tashin warin feshi, ya fito tun asuba ya fesa wa tumatirin mahaifinsa babu safa babu abin rufe hanci, ya wanke tanki a magudanar ruwa, ya zo ya zauna yana riƙe kai yana cewa rana ce.

A nan ne muke da ƙorafi a kanmu mu marubuta. Tun zamanin littafin Ikon Allah na Dokta East da Abubakar Imam aka nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar kimiyya ba tare da ta yi ɗingishi ba. Amma a yau in ka buɗe littattafanmu na hikaya, jarumi likita ne, jaruma likita ce, farar riga da mota da ofis mai sanyi, ba za ka taɓa jin abin da yake yi da hannunsa ba. Yarinyar da ke canza safa sau ashirin a yini, wadda amsarta za ta raba gida ko ta haɗa shi, ba ta isa labari ba? Uzurin da aka saba bayarwa shi ne babu kalmomi. Mu kuwa mun jarraba a aji. Ranar da muka rubuta kalmar Turanci a allo muka fassara ta da “mai hana aiki”, yara suka kwafa suka yi shiru. Ranar da muka ce takunkumi, hannuwa suka tashi. Wasu daga cikin 'yan ƙungiya za su ce a ari kalmar Bature a lanƙwasa ta a huta, kamar yadda muka yi wa enzayim ɗin kansa, kuma ba mu ƙi aro ba inda babu na gida. Amma inda akwai na gida, shi yake sa yaro ya yi gardama, gardamar kuwa ita muke nema.

Sun kuwa yi ta. Wata yarinya ta ce guwanidin ba takunkumi ba ne tun da ba baki yake kamawa ba, warwara ce, muka karɓa. Wani ya ce yumɓun nan tarko ne, muka karɓa. Sai wani yaro daga bayan aji, ɗan wajen Bunkure, ya ce, “Malam, takunkumi ai da yamma ake cirewa, sa ya ci abincinsa. Shi kuwa DEPC da fiya-fiya kun ce in sun kama ba sa saki. Wannan sai dai a ce cire haƙori, yadda gardi yake yi wa maciji.” Wani ya tare shi da cewa ai haƙorin maciji yana sake tsirowa. Muka ce musu duka biyun sun yi daidai. A cikin kwalba in haƙori ya fita ya fita ke nan, amma jikin mutum yana ƙera sabon enzayim ya maye gurbin wanda guba ta kashe, sai dai a hankali yake yi, makonni yake ɗauka. Saboda haka wanda feshi ya taɓa bugarwa, ko da ya ji garau, ajiyarsa ba ta cika ba, kuma ɗan kaɗan zai sake kayar da shi in ya koma da wuri.

Yaron nan na Bunkure ya yi shiru yana lissafi da yatsu, sa'an nan ya ce wansa ya kwanta kwana biyu a asibiti a farkon rani, a rana ta huɗu ya sake goya tanki, domin tumatir ya fara fure kuma babu wani babba a gidan sai shi.